BABI NA UKU: CIWON ƘAFAR RAMI DA NEMAN DIYYA A RUNDUNAR SOJAN BIRTANIYA, 1914–2022

3.0 GABATARWA

A duk lokacin da aka ambaci sojan da ya nakasa a fagen fama, abin da kan fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne wanda harsashi ya huda, ko wanda bam ya cire wa hannu ko ƙafa. Irin wannan rauni a fili yake, ba ya bukatar dogon bayani a gaban likita ko alƙali. To amma akwai wani rukuni na mazan jiya waɗanda suka koma gida da gaɓoɓinsu cikakku, sai dai ba sa iya doguwar tsayuwa ko tafiya mai nisa, saboda lahanin da sanyi da danshi suka yi wa ƙafafunsu. Wannan babi zai duba tarihin yadda irin waɗannan mutane suka yi ta neman diyya daga hukumar da ta tura su yaƙi.

An zaɓi rundunar sojan Birtaniya saboda dalilai biyu. Na farko, a cikinta ne ciwon ya sami sunan da aka fi saninsa da shi, kuma dokokinta na fansho sun yi ta sauyawa har fiye da shekara ɗari. Na biyu, runduna ce da 'yan Afirka ta Yamma suka yi wa aiki, a zamanin mulkin mallaka da kuma bayan samun 'yancin kai. Za a gina bayanin a kan tambayoyi uku da suka yi ta maimaituwa a wannan tarihi. Laifin wane ne idan ƙafar soja ta lalace? A kan wa nauyin kawo hujja ya rataya? Har zuwa yaushe ƙofar neman diyya take a buɗe?

3.1 MA'ANAR CIWON ƘAFAR RAMI

Abin da ake nufi da ciwon ƙafar rami a wannan nazari shi ne lahanin da ke samun ƙafa idan ta daɗe cikin sanyi da danshi, musamman idan an matse ta a takalmi kuma mai ita ba ya motsawa sosai. Ya bambanta da daskarewar nama, wadda ke faruwa idan sanyi ya kai ga ƙanƙarar da tsoka. Shi wannan ciwo yakan kama mutum a yanayin da bai kai na ƙanƙara ba, watau daga digiri 0 zuwa wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka ne likitocin soja na yanzu ke kiransa lahanin sanyi marar daskarewa.

Yadda abin ke faruwa shi ne, sanyi kan sa ƙananan hanyoyin jini su tsuke, jini ya ragu a tafin ƙafa da yatsu. Idan haka ta ɗauki sa'o'i masu yawa ko kwanaki, sai jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ji su soma lalacewa. Da farko ƙafar kan yi fari ta yamutse, kamar ta manomin fadama da ya yini cikin ruwa, kuma mutum ya daina jin ta. Bayan an ɗumama ta sai ta kumbura, ta yi ja, ta riƙa zafi mai tsanani. Idan abin ya yi muni nama kan ruɓe har a yanke yatsu ko ƙafar baki ɗaya. Amma a wajen mafi yawan masu ciwon, fata kan warke ta koma kamar yadda take, ta bar su da raɗaɗi da dindiris da yawan gumi da rashin jure sanyi, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce tushen rikicin diyya, domin ido ba ya ganin ta.

Ciwon ya girmi sunansa. Babban likitan rundunar Napoliyon, Dominique Larrey, ya bayyana lahanin da sanyi ya yi wa ƙafafun sojojin Faransa lokacin da suke ja da baya daga Rasha cikin 1812. Haka kuma sojojin Birtaniya sun sha fama da shi a Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856.

3.2 YAƘIN DUNIYA NA ƊAYA: CIWO KO SAKACI?

Kafin ƙarshen shekarar 1914 yaƙi a yammacin Turai ya tsaya cik. Kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, tun daga gaɓar teku a Beljiyam har zuwa iyakar Suwizalan. Yankin da sojojin Birtaniya suka riƙe ƙasa ce mai ruwa a kusa, da an yi haƙa kaɗan sai ruwa ya ɓulɓulo. Soja kan tsaya kwana da kwanaki cikin taɓo, sanye da takalmi matsattse, ga kuma ƙyallen da ake naɗewa a ƙwauri wanda ke ƙara hana jini gudu idan ya jiƙe. A hunturun farko kaɗai, na 1914 zuwa 1915, an yi wa sojojin Birtaniya fiye da 20,000 maganin wannan ciwo. An kiyasta cewa kafin yaƙin ya ƙare adadin ya kai wajen 75,000.

Daga 1915 hukumar soja ta ɗauki matakan rigakafi. An shimfiɗa katako a ƙasan ramuka, an raba dogayen takalman roba a wuraren da suka fi ruwa, an umarci kowane soja ya riƙa sauya safa busasshiya, ya kuma shafe ƙafarsa da man wel, watau wata gawurtacciyar dabbar teku. An haɗa sojoji bibbiyu, kowa ya lura da ƙafar ɗan'uwansa, sannan aka ɗora wa ƙananan hafsoshi aikin duba ƙafafun mutanensu a kai a kai. Waɗannan matakai sun rage yawan masu ciwon ƙwarai da gaske.

To amma wannan nasara ta haifar da wata fahimta mai illa. Tunda an ga rigakafi yana aiki, sai manyan hafsoshi suka ɗauka cewa duk bataliyar da ciwon ya yi yawa a cikinta, to, ladabi ne ya yi ƙaranci. Wasu ma har suna kallon mai ciwon tamkar wanda ya raunata kansa da gangan don ya tsere wa bakin daga. Marubuci Robert Graves, wanda hafsa ne a wannan yaƙi, ya nuna a littafin tarihin rayuwarsa na 1929 cewa shi a ganinsa ciwon ya fi alaƙa da karayar zuciya. Ke nan tun kafin a zo maganar diyya an riga an shafa wa ciwon baƙin fenti. Abin da aka manta shi ne, ba soja ne ya zaɓi takalminsa ba, ba shi ya zaɓi ramin da zai tsaya ba, kuma ba shi ke yanke ranar da za a canje shi ba.

3.3 MA'AIKATAR FANSHO DA MA'AUNIN NAKASA

Yawan waɗanda suka nakasa ya tilasta wa gwamnati kafa Ma'aikatar Fansho a watan Disamba na 1916, kuma George Barnes ne ministanta na farko. Cikin 1917 aka fito da ma'aunin da ke ƙididdige nakasa da kaso cikin ɗari. Ƙaramin soja da aka yanke wa cikakkiyar nakasa, watau kashi 100, yana karɓar sule 27 da sisi a mako. Wanda aka ba kashi 20 yana karɓar sule 5 da sisi. Cikin 1919 aka ɗaga cikakken fansho zuwa sule 40, watau fam 2. Duk wanda nakasarsa ba ta kai kashi 20 ba, ba shi da fansho na dindindin, sai dai a ba shi garatuti a sallame shi.

An gina wannan ma'auni a kan abin da ake iya gani a auna. Sojojin Birtaniya fiye da 41,000 ne suka rasa hannu ko ƙafa a yaƙin, kuma an tanadar wa kowane irin yanka kasonsa gwargwadon inda aka yanke gaɓar. Saboda haka wanda ciwon ƙafar rami ya kai shi ga yanka, hukuncinsa a rubuce yake. Amma wanda ya zo da ƙafa cikakkiya yana kukan raɗaɗi, sai abin da kwamitin likitoci ya ga dama ya ƙiyasta masa, kuma babu wata na'ura a lokacin da za ta gaskata maganarsa.

Bugu da ƙari, dokar ta raba nakasa gida biyu: wadda aikin soja ya haddasa, da wadda ya tsananta kawai. Wannan rabo ya shafi masu matsalar ƙafa sosai, domin talakawan Ingila da yawa sun shiga soja da ƙafafun da wahalar masana'antu da mugun takalmi suka riga suka taɓa, kamar bajewar tafin ƙafa da karkacewar babban yatsa. Idan aka rubuta cewa aiki tsananta ciwon ya yi, ana iya tsayar da kuɗin duk ranar da likita ya ce tsanantar ta wuce. Har ila yau an ba ma'aikatar ikon hana fansho idan ta gamsu cewa mummunan sakaci ko rashin ɗa'ar sojan ne ya jawo masa nakasar.

An sami ɗan sauƙi cikin 1919 da aka kafa kotunan ɗaukaka ƙarar fansho masu zaman kansu. Amma dokar fansho ta 1921 ta sa wa'adin shekara 7 ga duk mai son shigar da sabuwar bukata, ta kuma kawo tsarin hukuncin ƙarshe, wanda ke rufe fayil ɗin mutum. Ga ciwon da kan lafa sannan ya tsananta idan shekaru suka ja, wannan wa'adi babban shinge ne. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, wadda aka kafa a wannan shekara ta 1921, ta daɗe tana yaƙi da wa'adin.

3.4 YAƘIN DUNIYA NA BIYU DA SAUYA NAUYIN HUJJA

Darasin ramukan Faransa bai hana ciwon dawowa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an gan shi a wajen ma'aikatan jiragen ruwan da aka nutsar, waɗanda kan yi kwanaki cikin ƙananan kwale-kwale ƙafafunsu na jiƙe. Sojojin ƙasa ma sun sha shi a Italiya da arewa maso yammacin Turai. Rundunar Amurka, abokiyar ƙawancen Birtaniya, ta sami fiye da mutum 40,000 da sanyi ya lahanta a Turai a hunturun 1944 zuwa 1945. Janar Omar Bradley ya amsa daga baya cewa shi ne ya fifita jigilar harsasai da man fetur a kan tufafin sanyi, bisa zaton yaƙin zai ƙare da wuri. Wannan amsa hujja ce mai ƙarfi cewa sau da yawa ƙafar soja a ofishin manya take fara lalacewa.

A Birtaniya kuwa, jama'a da 'yan majalisa sun matsa wa gwamnati da hujjar cewa duk wanda likitan soja ya ce lafiyarsa ƙalau ranar ɗauka, to, bai kamata a ce masa da ciwonsa ya zo ba ranar sallama. Cikin 1943 aka sauya doka. Daga nan, idan mutum ya shigar da bukata cikin shekara 7 da barin aiki, ba shi ne zai tabbatar da cewa aiki ya nakasa shi ba, ma'aikata ce za ta tabbatar da akasin haka, kuma duk wani shakku mai ma'ana ana fassara shi ne don amfanin mai nema. An sake kafa kotunan ɗaukaka ƙara a wannan shekara, kuma bayan yaƙin Mai Shari'a Denning ya ƙarfafa wannan ƙa'ida a hukunce-hukuncen da ya yanke a Babbar Kotu. Wanda ya zo bayan shekara 7 ma ba a rufe masa ƙofa ba, sai dai shi zai kawo hujjar da za ta haifar da shakku. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan shi ne mataki mafi adalci da aka taɓa ɗauka game da ciwon da ba a gani.

Muhimmancin barin ƙofa a buɗe ya fito fili a misalin Amurka. Sojojinta da suka yi yaƙi a yankin tafkin Chosin na Koriya a ƙarshen 1950 sun sha sanyin da ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifiri. Sai cikin 1998, bayan kusan shekara 48, hukumar kula da tsofaffin sojojin ƙasar ta sabunta ma'auninta na illolin sanyi, ta tanadi kashi 10 ko 20 ko 30, ana kuma auna kowace ƙafa da kowane hannu daban. Da yawa daga waɗanda gyaran zai amfana sun riga sun rasu.

3.5 SOJOJIN AFIRKA TA YAMMA A ZAMANIN MULKIN MALLAKA

Duk dokokin da aka ambata a sama an yi su ne domin sojojin da aka ɗauka a Birtaniya. To amma daular tana da wasu sojojin a ƙasashen da ta mallaka. Cikin 1897 aka ba Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausawa da sauran mutanen Arewa suka yi yawa a cikinta, har Hausa ta zama harshen bariki. Shekaru da dama waɗannan sojoji ba takalmi suke fareti da tafiya, domin Turawa sun ɗauka cewa ƙafar baƙar fata ba ta bukatarsa. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu raba musu takalma ya zama ruwan dare.

Matsalar ƙafa a wajensu ta ɗauki wata siffa daban. Sojojin Nijeriya da aka kai Gabashin Afirka yaƙi da Jamus daga 1916 zuwa 1918 sun sha fama da jiga, wadda ke shiga ƙarƙashin farce ta jawo gyambo. A Bama kuwa, inda aka kai 'yan Afirka ta Yamma wajen 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan cikin 1944 da 1945. Da yawansu da kai suke ɗaukar kayan yaƙi, suna ratsa koguna da duwatsu. Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga cikin mayaƙan Chindit a 1944, damina ta same ta a daji, inda ƙafa kan yi makonni ba ta bushe ba har ta riƙa saɓulewa. Sunayen barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna daga wannan yaƙi suka samo asali.

Da aka zo sallama, dokokin gwamnatocin mulkin mallaka aka bi da su, kuma kuɗin bai kama ƙafar na Turawa ba. Wata takardar gwamnati ta 1945 da 'yan jarida suka fito da ita cikin 2019 ta nuna cewa a Gabashin Afirka ana ba ƙaramin soja Bature garatutin sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, shi kuwa baƙar fata sule 3 da sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Idan aka yi la'akari da cewa neman diyya na bukatar takardar asibiti da rubutu da Turanci da zuwa gaban kwamitin likitoci, za a fahimci irin wahalar da ke gaban tsohon sojan da ya koma ƙauyensu da ciwon da ko Baturen Ingila da kyar yake tabbatar da shi.

Ɓacin ran mazan jiya bai tsaya a zuci ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji a Accra suka yi jerin gwano don kai wa Gwamna kukansu game da ƙarancin fansho da garatuti da rashin aikin yi. 'Yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe mutum uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta samun 'yancin Gana cikin 1957.

3.6 YAƘIN FOKLAND DA IKON KAI ƘARA

Komawa ga sojojin Birtaniya kansu, ciwon ƙafar rami ya sake bayyana a yaƙin da ƙasar ta yi da Ajantina a kan tsibiran Fokland cikin 1982. Sojoji sun sauka a San Carlos ranar 21 ga Mayu, lokacin da hunturu ke shigowa a kudancin duniya. Ranar 25 ga wata aka harbi jirgin ruwan dakon kaya mai suna Atlantic Conveyor, aka yi asarar manyan jirage masu saukar ungulu da aka shirya za su kwashi mayaƙa. Saboda haka dole suka taka wajen kilomita 90 cikin ƙasa mai dausayi, ɗauke da kaya masu nauyi. Takalmin da aka raba wa yawancinsu gajere ne, yana shan ruwa kuma ba ya saurin bushewa. Binciken da likitocin sojan ruwa suka yi ta hanyar tambayar mayaƙan da suka dawo ya nuna cewa fiye da rabinsu sun sami alamun ciwon. Bayan yaƙin aka janye wannan takalmi aka kawo wani mai tsawo.

A nan laifin kayan aiki a bayyane yake, amma babu sojan da ke da ikon kai gwamnati ƙara. Sashe na 10 na dokar 1947 da ta tsara shari'a da gwamnati ya hana soja neman diyya a kotu a kan raunin da ya samu a bakin aiki, muddin an amince raunin ya cancanci fansho. Sai cikin 1987 aka ɗage wannan hani, kuma gyaran bai waiwayi baya ba. Cikin 2003 kotun ƙoli ta ƙasar, wadda a lokacin take cikin Majalisar Dattawa, ta tabbatar da cewa raunin da ya faru kafin 1987 ba a shari'arsa. Mayaƙan Fokland sai suka tsaya a kan fansho kaɗai. Daga 1987 ne aka sami hanyoyi biyu: diyyar hukuma wadda ba ta tambayar laifin wa, da ƙarar sakaci a kotu wadda kuɗinta ya fi yawa amma sai an tabbatar da laifi. Kotuna ba sa karɓar ƙarar sakaci a kan shawarar da aka yanke ana tsakiyar gumurzu, shi ya sa yawancin ƙararrakin ciwon sanyi suka taso daga wuraren atisaye, kamar duwatsun Brecon Beacons a Wales.

3.7 TSARIN 2005 DA SOJOJI 'YAN AFIRKA

Ranar 6 ga Afrilu 2005 sabon tsarin diyyar sojoji ya fara aiki a kan duk raunin da ya faru daga wannan rana. Ya kasa raunuka mataki 15, kowane mataki da dunƙulallen kuɗinsa, sannan masu mummunar nakasa suna da ƙarin kuɗin wata-wata bayan barin aiki. Cikin 2018 an kai kuɗin mataki na ɗaya fam 650,000, na ƙarshe kuwa ya ɗan haura fam 1,000. Alherin tsarin shi ne soja na iya nema tun yana cikin kaki. Sai dai ya janye sassaucin 1943: yanzu mai nema ne zai nuna cewa bisa rinjayen hujja aiki ne ya haddasa ciwon. An kuma dawo da wa'adi, da farko shekara 5, sannan aka mai da shi 7 bayan bitar da Admiral Boyce ya jagoranta a 2009 zuwa 2010.

Wannan sauyi ya zo daidai da wani sauyin. Daga 1998 Birtaniya ta sassauta sharuɗɗan ɗaukar soja daga ƙasashe renon Ingila, sai matasa daga Gana da Gambiya da Nijeriya da Kenya da Fiji da sauransu suka shiga da yawa. Ba a daɗe ba likitoci suka lura da yawan baƙaƙen fata a asibitin lahanin sanyi na Cibiyar Likitancin Sojan Ruwa da ke Gosport. Wani bincike da Burgess da Macfarlane suka buga cikin 2009 a mujallar likitocin sojan ƙasar ya gano cewa haɗarin kamuwa da lahanin sanyi ga soja baƙar fata ya ninka na Bature sau 30, kuma nasa ya fi tsanani. Wannan sakamako ya zama makami a hannun lauyoyi, domin duk hukumar da ta san da haɗari ta ƙi ɗaukar mataki, sakaci ya hau kanta. Ga matashin da ya baro ƙasarsu don aikin soja, sallama saboda rashin lafiya na nufin rasa albashi da gidan bariki, ga kuma ƙafar da ba ta jure aikin waje a ƙasar sanyi.

Kimiyya ma ta taimaka wajen fito da ciwon fili. Cikin 2017 masana a Jami'ar Oxford suka buga bincike a mujallar Brain, inda suka ɗebi ɗan yankin fata daga sojoji masu ciwon suka ga cewa ƙananan jijiyoyin ji sun ragu matuƙa. Wannan ya tabbatar da cewa raɗaɗin da aka shafe shekara ɗari ana zargi da raki yana da tushe a jiki.

Duk da haka zargi bai gushe ba, kuma wani lokaci da dalili. Dokar 2015 ta umarci kotu ta kori ƙarar rauni gaba ɗayanta idan ta sami mai ƙara da ƙaryar da ta shafi tushen bukatarsa. Cikin 2022 Babbar Kotu a Landan ta yi amfani da wannan doka a kan wani tsohon soja da ya nemi miliyoyin fam. Alƙali ya yarda cewa yana da ciwon, ya kuma ƙiyasta haƙƙinsa na gaskiya ƙasa da fam 100,000, amma hotunan bidiyo sun nuna ya zuzuta nakasarsa, sai ya tashi a tutar babu. Hausawa kan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Irin wannan shari'a kan sa a riƙa yi wa masu gaskiya kallon tuhuma.

3.8 KAMMALAWA

A wannan babi an bi diddigin ciwon ƙafar rami tun daga ramukan Beljiyam da Faransa har zuwa kotunan Landan. Game da tambaya ta farko, an ga yadda aka fara ɗora laifi a kan soja, alhali shaidar Bradley da takalmin Fokland sun nuna cewa kayan aiki da shawarar manya su ne kan gaba. Game da ta biyu, an ga nauyin hujja ya tashi daga kan soja ya koma kan hukuma cikin 1943, sannan ya dawo kansa cikin 2005. Game da ta uku, wa'adin shekara 7 na 1921 da na tsarin 2005 duk sun ci karo da ɗabi'ar ciwon da kan daɗe kafin ya nuna iyakar ɓarnarsa.

An kuma ga cewa 'yan Afirka sun shiga wannan tarihi sau biyu. A karo na farko an hana su takalmi, aka kuma biya su ƙasa da abokan yaƙinsu. A karo na biyu suna ƙarƙashin doka ɗaya da kowa, amma su ciwon ya fi kamawa, kuma sun zo a lokacin da hujja ta koma wuyan mai nema. Abin da wannan ke nuna wa duk wata runduna, har da ta Nijeriya, shi ne adalcin diyya ya dogara ne a kan rubuta lafiyar soja ranar ɗauka, da adana takardun asibitinsa, da kuma ba shi amfanin shakku idan ya dawo da ciwon da ido ba ya gani. Babi na gaba zai duba yadda dokokin fansho na sojan Nijeriya suka tunkari wannan al'amari bayan 1960.